Matani da Sharhinsa a Faifai Guda

Lacca a kan mujallun faifai da mutanen da suka raya su da aikin hannunsu, wadda aka gabatar a gaban ɗaliban ilmin kwamfuta



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore wa ɗan Adam alƙalami da lissafi, Ya kuma sanya ilmi ya zama dukiyar da bayarwa ba ta rage ta. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, ya shugaban wannan zama, Allah Ya ja zamaninka, da malamaina da ke sahun gaba, Allah Ya gafarta muku, da ku 'ya'yana ɗalibai maza da mata, ina gode muku bisa ga wannan dama da kuka ba ni, ina kuma roƙonku haƙuri na ɗan lokaci, domin maganar da na zo da ita tsohuwa ce, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

Kwanakin baya wani daga cikinku ya tare ni a bakin ƙofar aji, ya ce, “Malam, yaushe ne mutum zai tabbata ya iya rubuta manhaja?” Na ce masa ya dakata sai ranar lacca. To, ga ranar ta zo, kuma jawabina a taƙaice shi ne, mutum yana tabbata ya iya ranar da abin da ya rubuta ya yi aiki a hannun wanda bai san shi ba, cikin ɗakin da bai taɓa shiga ba, alhali kuwa ba ya kusa balle ya ce, “A'a, ba nan ake dannawa ba.” Amma da yake da'awa ba ta tsayuwa sai da hujja, zan kafa tawa hujjar da labarin wata irin mujalla wadda ta rayu kimanin shekara talatin a Amurka da Turai, wadda ba ta da takarda ba ta da tawada, ana aika ta ne a kan faifan kwamfuta ta gidan waya, kuma mafi yawan abin da ke cikinta masu karanta ta ne suke rubuta shi da hannunsu.

Fasali na farko: wahalar mai juyi

A shekarar 1977 aka fara sayar da kwamfutocin gida guda uku waɗanda suka yi suna a Amurka, watau Apple II da TRS-80 da Commodore PET. Wanda ya sayi ɗaya daga cikinsu ya kai gida, abin da yakan tarar shi ne na'ura mai jiran umarni, wadda kusan ba ta san kome ba sai harshen nan da ake kira BASIC; in yana son ta yi masa lissafin kuɗin cefane, ko ta yi wasa da yaransa, to, ko dai ya sayi manhaja da tsada, ko ya zauna ya rubuta da kansa. Saboda haka mujallun takarda suka shiga buga manhajoji layi bayan layi a shafukansu, domin mai karatu ya buɗe mujalla a gefensa, ya ɗora ƙarfen awo a ƙarƙashin layin da yake kai don kada idonsa ya zame, ya yi ta dannawa harafi bayan harafi, wani lokaci tun bayan isha'i har kusan asuba.

Malamaina da ke nan sun fi ni sanin wahalar juyar littafi da hannu, sun kuma san cewa mai juyi, kome ƙwarewarsa, ba ya rasa tsallake layi ko sauya ɗigo, shi ya sa magabata suka wajabta wa kansu muƙabala, wannan na karanta asali wancan na bin kwafi, har a kai ƙarshe. Sai dai akwai bambanci babba tsakanin juyin nan biyu. Idan mai juyi ya yi kuskure a littafin fiƙihu, malami mai basira yakan gane abin da mawallafi yake nufi daga siyaƙin magana, ya gyara a gefe; amma na'ura ba ta san siyaƙi ba, ba ta karɓar uzuri, waƙafi guda da ya ɓace a cikin layi ɗari biyar ya isa ya tsayar da aikin dare ɗungum. Wannan ya sa mujallar Compute!'s Gazette, wadda ta fara fita a 1983, ta riƙa ba masu karatunta wata ƙaramar manhaja mai yi musu muƙabala: da zarar mutum ya gama layi sai ta nuna masa wata lamba, ya gwada ta da wadda aka buga a mujalla, in sun saɓa ya san ya yi tuntuɓe.

Tun kafin wannan kuwa wasu sun riga sun tambayi kansu, shin me zai hana a aika wa mutane da manhajar ita kanta, a hutar da su juyi? A 1978 aka fara fitar da mujallu biyu a kan kaset irin na rikoda, CLOAD domin masu TRS-80, da CURSOR domin masu PET. Amma kaset yana da nawa, kuma ba a isa ga abin da ke tsakiyarsa sai an bi ta kan na farkonsa. Da faifan nan mai lanƙwasa ya yaɗu, wanda faɗinsa inci biyar da kwata ne, yana cikin baƙar riga mai kusurwa huɗu, sai ƙofa ta buɗe.

Fasali na biyu: faifan da ke zuwa ya koma

A watan Satumba na 1981, a garin Shreveport na jihar Luwiziyana, wani mutum mai suna Jim Mangham, tare da matarsa ta lokacin Judi da wani malamin lissafi Al Vekovius, suka fitar da mujallar Softdisk domin masu Apple II, kuma daga cikin gida suka fara aikin. Abin da nake so ku riƙe game da ita ƙa'ida ce guda ta farkon zamaninta: idan fitowar wannan wata ta iso hannun mai biyan kuɗin mujalla, wajibi ne ya mayar da faifan watan jiya cikin ambulan ɗin da aka tanada. Dalili na zahiri shi ne tsadar faifai a wancan lokaci. Amma hikimar da ke ƙarƙashin wannan ƙa'ida ta fi dalilinta girma, domin faifan da zai koma ba ya komawa wayam. Mai karatu yana iya rubuta ra'ayinsa a kansa, ya amsa tambayar da wani ya yi, ya ɗora maƙalarsa ko manhajar da ya rubuta, sa'an nan edita ya tattara, ya tace, ya zuba a fitowa ta gaba. Ta haka hanyar da ilmi ke bi ya zo wa mutum ta zama ita ce hanyar da nasa ilmin ke bi ya tafi, har ya kasance da wuya a ja iyaka tsakanin marubuci da mai karatu.

Mu ma mun ɗanɗani irin wannan a ƙasarmu ta fuskar takarda, domin tun da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939, a hannun Malam Abubakar Imam, wasiƙun masu karatu suka zama wani rukuni daga rukunanta, kuma da yawa sun fara gwada alƙalaminsu ne a wannan fili. Abin da mujallar faifai ta ƙara shi ne, wasiƙar da ta iso ba karanta ta kaɗai ake yi ba, ana iya kunna ta ta yi aiki, ana kuma iya buɗe cikinta a ga yadda aka gina ta, domin manhajar BASIC kalma guda ake rubuta wa na'ura ta baje maka layukanta tun daga farko har ƙarshe.

Kamfanin Softdisk ya bunƙasa. A 1984 ya fitar da Loadstar domin masu Commodore 64, kuma sunan ya samo asali ne daga umarnin da kowane mai wannan na'ura ya haddace, LOAD"*",8,1, wanda ake rubutawa domin a ɗauko manhaja daga faifai, alamar tauraron nan ta tsakiya ita ce rabin sunan. A 1986 ya fitar da Big Blue Disk domin masu IBM PC. A wasu ƙasashe ma al'adar ta kafu: a Birtaniya akwai FRED ta masu SAM Coupé, a Rasha kuwa, cikin shekarun 1990, akwai Spectrofon da ZX-Format na masu na'urorin da aka ƙera bisa tsarin ZX Spectrum.

Fasali na uku: abin da ke kan mai aikawa

Yanzu bari mu shiga ɗakin mai aikawa mu ga abin da ke gabansa. Commodore 64, wadda ta fito a 1982, idan aka kunna ta takan sanar da kai cewa bayit 38911 ne ta bar maka ka rubuta BASIC a ciki, kuma bayit guda kamar mazaunin harafi guda ne. Fuskarta layi ashirin da biyar ce, kowane layi harafi arba'in, launinta goma sha shida. Sabon faifai a na'urarta ta karanta faifai mai lamba 1541 yana da gurbi 664 a fuska guda, jimlarsu kusan haruffa 170,000, wanda ke nufin hoto guda irin wanda kuke ɗauka da wayoyinku yau zai iya cinye fuskar faifai goma ko fiye. A cikin wannan ƙunci ne edita zai shigar da jawabinsa, da wasiƙu, da wasanni, da kiɗa, da zane, da darussa, don haka wanda ya aiko da manhaja mai gurbi tamanin alhali ana iya yin ta a gurbi talatin, ya ci haƙƙin wasu marubuta biyu waɗanda za a ɗage aikinsu zuwa wani wata. Taƙaitawa a nan ladabi ce ga abokan zama kafin ta zama gwaninta.

Abu na biyu da ke kan mai aikawa shi ne maƙala. Manhaja ba ta tafiya ita kaɗai, sai da bayanin da ke faɗin abin da take yi, da maɓallan da ake dannawa, da dabarar da aka bi aka gina ta, da inda mai karatu zai taɓa in yana son ya sauya ta ta dace da bukatarsa. Wannan shi ne matani da sharhi waɗanda muka sani a zaurukan karatu, sai dai a nan mawallafi shi ne mai sharhin kansa, kuma duka biyun suna kwance a faifai guda. Na uku shi ne amana: ya tabbatar aikin nasa ne, in ya ari wata dabara daga wani ya ambaci mai ita, kamar yadda mai riwaya ke ambaton wanda ya karɓa daga gare shi. Bayan wannan sai ya yi kwafi biyu ya ajiye ɗaya, ya rubuta sunansa a takardar liƙi kafin ya manna ta, domin bakin biro yana iya lahanta abin da ke cikin rigar, ya sa faifan tsakanin kwali biyu don kada ya lanƙwashe a jakar gidan waya, ya manna kan sarki, ya jefa, ya koma gida ya yi ta jira makonni.

Ni kaina na taɓa tsayawa a wannan matsayi, sa'ad da nake ɗalibi a Amurka a tsakiyar shekarun 1980. Na rubuta wata 'yar manhaja mai juya kwanan watan Miladiyya zuwa na Hijira, bisa lissafin nan na malaman hisabi wanda ke raba zamani zuwa zagaye na shekara talatin, goma sha tara basiɗa masu kwana 354, goma sha ɗaya kabisa masu kwana 355. Na gwada ta da ranar haihuwata da ranakun Sallah na shekarun da na tuna, duk ta ba ni daidai ko kusa da daidai, na aika wa wata mujallar faifai ina mai natsuwa. Bayan wajen mako shida faifaina ya dawo tare da takarda mai ɗauke da gyara uku. Na farko, editan ya ce ya gwada ranakun da suka gabaci watan Maris na 1900 ya ga lissafin yana zamewa da kwana guda, domin na ɗauka kowace shekara ta huɗu kabisa ce, alhali a kalandar Miladiyya shekarar da ke cika ƙarni ba ta zama kabisa sai in tana rabuwa da 400. Na biyu, ya ce ya rubuta harafi a inda ake neman lamba, sai na'ura ta watsa saƙon kuskure a tsakiyar fuska ta ɓata tsarin. Na uku, wanda ya fi shiga raina, ya ce maƙalata ba ta gaya wa mai karatu dalilin da zai sa lissafi ya saɓa wa ganin wata da kwana ɗaya ko biyu ba, kuma wanda bai san wannan ba zai zaci manhajar ce ta yi ƙarya, ko kuwa ya dogara da ita a inda bai kamata ba.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ranar na fahimci ɗaya fuskar wannan magana, watau mai ɗaki, saboda ya san wurin yoyon, yakan janye shimfiɗarsa daga nan har ya manta akwai shi; baƙo ne, da bai sani ba, zai kwanta daidai ƙarƙashinsa. Ni ban taɓa rubuta harafi a wurin lamba ba domin na san lamba ake nema, ban kuma taɓa bayyana saɓanin hisabi da ganin wata ba domin a cikinsa na tashi. Na gyara, na sake aikawa, aka fitar. Bayan wata biyu wani mai karatu, wanda har yau ban san kamanninsa ba, ya aiko da wasiƙa yana cewa jerin shekarun kabisa goma sha ɗayan nan da na rubuta ɗaya bayan ɗaya ana iya maye gurbinsu da layi guda: a ninka shekarar Hijira sau 11, a ƙara 14, a raba da 30, in ragowar ta gaza 11 to shekarar kabisa ce. Na ɗauki alƙalami na bi su ɗaya ɗaya, daga ta biyu har ta ashirin da tara, na tarar maganarsa gaskiya ce. Na aika da ilmi kaɗan, ya dawo mini da ƙari daga hannun wanda ban taɓa yi wa ko sallama ba.

Fasali na huɗu: tarbiyyar ajali

Kada ku zaci wannan fili na masu ƙaramin buri ne kawai. A 1988 wani saurayi mai suna John Romero ya rubuta wa mujallar faifai ta UpTime maƙala a kan GraBASIC, wani ƙari da ya yi wa BASIC na Apple II domin sauƙaƙa zane, ya haɗa ta da wani wasa mai suna Dangerous Dave domin ya zama misalin da mai karatu zai koya daga gare shi. Ku lura da tartibin: wasan hidima yake yi wa darasin, shahidi ne a kan ƙa'ida, kamar baitin da malamin nahawu ke kawowa. A 1989 Romero ya koma Shreveport ya kama aiki a Softdisk, inda ya tarar da Tom Hall yana aikin edita da rubuta manhaja. A lokacin nan kuwa akwai wani saurayi a yankin Kansas, John Carmack, wanda ke aiko wa kamfanin da wasanninsa ta gidan waya ana saye, har ingancin aikinsa ya sa aka kira shi ya zo ya zauna a 1990, suka shiga fitar da Gamer's Edge, faifan wasanni mai fita bayan kowane wata biyu.

Alkawari kaya ne. Wanda aka karɓi kuɗinsa na shekara yana jiran faifansa, ba ruwansa da cewa ilhama ba ta sauko wa marubuci ba, saboda haka waɗannan samari suka koyi abin da shekarun makaranta ba su cika koyarwa ba, watau a fara abu, a ƙare shi, a sake shi ya tafi, a kama wani. A watan Satumba na 1990 Carmack ya gano dabarar sa hoton wasa ya riƙa gudana sumul a IBM PC, abin da a lokacin ake ganin sai na'urorin wasa na musamman, daga nan suka yi Commander Keen a ƙarshen shekarar, suka kafa kamfanin id Software a Fabrairun 1991. Da yake sun yi amfani da na'urorin Softdisk wajen wannan aiki nasu, wanda kuwa abu ne da ke taɓa amanar ma'aikaci, aka yi sulhu a kan za su ci gaba da ba kamfanin wasanni na wani lokaci. Kuma a cikin sauke wannan nauyi ne suka yi Hovertank 3D da Catacomb 3-D a 1991, inda suka gwada dabarun da suka haifi Wolfenstein 3D a 1992 da Doom a 1993. Ba ina yabon abin da ke cikin waɗannan wasanni ba ne, domin akwai abin cewa game da zubar da jinin da ke cikinsu. Abin da nake nuna muku shi ne makarantar da ta horar da hannun, kuma makarantar nan ambulan ce, da edita, da ranar da ba ta ɗaguwa.

Fasali na biyar: waɗanda suka zauna

Amma da a ce in zaɓi waɗanda suka fi burge ni a wannan tarihi, da ban zaɓi waɗanda suka tashi suka yi suna ba, da na zaɓi waɗanda suka zauna. Kamfanin Commodore ya karye a 1994, Softdisk ta Apple II ta daina fita a 1995, intanet ta shigo ta sa aika manhaja ta gidan waya ya zama kamar aika saƙo da ɗan aike alhali ga waya a hannu. Duk da haka Loadstar ta ci gaba da fita, da farko a hannun Fender Tucker, wanda ya riƙe ta tun 1987, daga baya a hannun Dave Moorman, wani limamin coci a jihar Kolorado, har zuwa wajen 2007, bayan ta fita kusan sau 250. Shekara goma sha uku ke nan bayan mutuwar kamfanin da ya ƙera na'urar.

Wanda ya zauna a cikin waɗannan shekaru yana rubuta wa Loadstar wasan kati, ko manhajar koya wa yaro haruffa, ko maƙala a kan yadda ake matse zane ya shiga gurbi kaɗan, ya san sarai babu kamfanin da zai ɗauke shi aiki saboda wannan, ladan da za a ba shi kuwa bai taka kara ya karya ba. Abin da ya riƙe shi shi ne son sana'ar, da sanin cewa akwai wasu mutane, ko da kaɗan ne, waɗanda za su sa faifan a na'ura, su saurari ƙararta na minti ɗaya ko biyu tana ɗauko aikinsa, su amfana, wataƙila su rubuto. Malamanmu suna kiran kyautata aiki itƙani, suna kiran tsarkake niyya ikhlasi, kuma ko da yake Allah kaɗai Ya san abin da ke cikin zukata, alamar zahiri ta mai son ilmi domin ilmi ita ce ya ci gaba da kyautata shi bayan kasuwa ta watse.

Kammalawa

'Ya'yana, faifan ya tafi, ba kuma ina kiranku ku dawo da shi ba. A yau kuna da ma'ajiyar da ba ta cika, da hanyar aikawa da ba ta ɗaukar ko ƙiftawar ido, wannan kuwa ni'ima ce da ta wajaba a gode mata. Sai dai abubuwa ukun da faifan ya tilasta wa mutanensa, watau taƙaitawa da sharhi da ajali, yanzu babu mai tilasta muku su, don haka sai ku ɗora wa kanku da kanku. Duk manhajar da kuka rubuta, ku tambayi kanku ko za ta yiwu da rabin layukanta. Kada ku ce kun gama sai kun rubuta mata bayani wanda ƙaninku da ke aji ɗaya zai karanta ya fahimta, kuma ina roƙonku ku rubuta bayanin nan da Hausa, ko da kun rubuta shi da wani harshe, domin ilmin da bai sami kalma a bakin mutane ba baƙo ne a garinsu. Ku yanke wa kanku rana, ku cika ta. Sa'an nan ku nemi edita, watau wani daga cikinku wanda zai danna inda ba ku zata ba, in ya dawo muku da gyara uku ku gode masa, domin wanda ya nuna maka yoyon ɗakinka kafin damina ya fi wanda ya yaba maka fentinsa.

In kuwa kun ga dama, ku mutum goma ko ashirin da ke cikin wannan ɗaki kun isa ku kafa irin wannan mujalla a tsakaninku, mai fita a kan kari kowane wata, wadda sharaɗin karɓarta shi ne kowa ya mayar da wani abu, ko manhaja, ko gyara, ko tambaya. Da mutum uku aka fara Softdisk.

Magabatanmu masu juyar littattafai sukan rufe aikinsu da roƙon wanda ya ga kuskure ya gyara, ya kuma yi musu addu'a. Da wannan roƙo nake rufe tawa maganar: abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki nawa ne, wanda ya gan shi ya aiko mini da gyara. Kai kuma ɗana da ka tare ni a bakin ƙofa, ina jiran manhajarka da sharhinta kafin ƙarshen watan gobe, zan kuwa fara da rubuta harafi a inda ka nemi lamba.

Allah Ya amfanar da mu da abin da muka sani, Ya sanar da mu abin da zai amfane mu.